Suzuki Boulevard M109R: Abin da Mai Shirin Sayen Na Hannu Ya Kamata Ya Sani

Wanda ya saba da Boxer ko Jincheng, ranar da ya fara ɗaga M109R daga kan sitan zai ji abin a ƙugunsa kafin ya ji a hannu. Nauyin babur ɗin, da mai da ruwa a cikinsa, kilo 347 ne, wato kusan Boxer uku a haɗe. Kamfanin Suzuki na Japan ya fito da shi a 2006. A Amurka sunansa Boulevard M109R, a Turai Intruder M1800R, a takardun kamfani kuma VZR1800. Wannan suna na uku shi za ka riƙe da kyau, domin da shi ake neman kayan gyara. Lambar 109 girman injin ne a ma'aunin inci na Amurkawa, wanda ya yi daidai da cc 1,783. Tun fitowarsa ba a sauya gininsa sosai ba, shi ya sa sifaya da yawa ta wata shekara takan shiga ta wata.

Injin shi ne dalilin sayen babur ɗin, kuma ya cancanci yabon da ake masa. Silinda biyu ne a tsaye kamar harafin V, kowace da bawul huɗu da fulogi biyu, ruwa ke sanyaya shi, injekta ke ba shi mai. Faɗin fistin ɗinsa milimita 112, tafiyar fistin ɗin sama da ƙasa kuma milimita 90.5 kacal. Ga inda ya bambanta da sauran manyan baburan shan iska irin su Harley-Davidson, waɗanda fistin ɗinsu ke da doguwar tafiya, su ba ka ƙarfi tun daga ƙasa sannan su gaji da wuri. Shi wannan yana son a ja shi. Ƙarfin juyinsa yakan kai Nm 160 a wajen juyi 3,200 a minti, ƙarfin dokinsa kuma wajen 125 a juyi 6,200. A giya ta uku, in ka buɗe totur don wuce tirela, kafin ka gama tunani ka bar ta a baya. Amma ƙasa da juyi 2,000 ba ya jin daɗi: yana fizga, yana girgiza, kana jin bugun a cikin giya. Kuskuren da sababbin masu shi suka fi yi shi ne saurin hawa giya ta biyar a cikin gari don su ji amon injin yana dukan ƙasa. Wannan ɗabi'a tana wahalar da kuloci da giya da farfela. A cikin gari giya ta biyu da ta uku sun ishe ka.

Giya biyar gare shi, kuma ba sarƙa ba ce ke juya tayar baya, farfela ce kamar ta mota, a rufe cikin bututu. Ga mai hawa a ƙasa mai ƙura wannan babbar ni'ima ce, domin babu sarƙar da za ta sha yashi ta cinye haƙoran sifoket, babu ɗaure ta duk mako. Abin da farfelar ke nema ɗan kaɗan ne: man giya mai lamba 90 nau'in GL-5, wajen mililita 200 zuwa 220 a kwanon da ke jikin tayar baya, da kuma shafa giris mai sinadarin moli (molybdenum) a haƙoran da tayar ke shiga duk lokacin da aka cire ta. In aka bar haƙoran nan a bushe sukan ci juna a hankali, ba ƙara ba alama, sai ranar da ka saki kuloci injin ya yi kuka taya ba ta motsa ba.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci ga mai sayen na hannu, wato giya ta biyu. An san wannan babur da ita, musamman na shekarun farko. Giyoyin babur suna kama juna ne da wasu ƙananan ƙahonni da ke gefensu, waɗanda ke faɗawa cikin ramukan giyar da ke maƙwabtaka da su. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu sai an ratsa firi, tafiyar ƙafa ta fi tsawo, kuma injin yana da ƙarfin da zai fizge duk abin da bai zauna daram ba. Idan mai hawa yana sa giyar da sanyin ƙafa alhali totur na buɗe, ƙahonnin sukan kama da baki-baki, su zame, su sake kamawa. Kowace zamewa tana cin kusurwarsu har su yi mulmul, cokalin da ke tura giyar ma ya lanƙwashe. Daga nan sai giya ta biyu ta riƙa tsalle da zarar an matsa mata. Gyaran ba na gefen titi ba ne. Sai an sauke injin gaba ɗaya an raba shi gida biyu, an sauya giyoyin da cokalin, a sa sababbin gasket. Kuɗin aikin da na kayan zai iya cinye duk rangwamen da ka samu wajen ciniki.

Saboda haka kada ka biya ko sisi sai an gwada ta a gabanka. A bar injin ya yi zafi, a samu miƙaƙƙen titi marar cunkoso, a sa giya ta biyu, a kai wajen juyi 3,000, sannan a buɗe totur da ƙarfi har injin ya hau sosai. A maimaita sau uku ko huɗu. Lafiyayyen babur zai ja a miƙe ba tangarɗa. In ka ji ya yi kamar an sake shi an sake kamawa cikin ƙiftawar ido, ko ya faɗo firi da kansa, giyar ta tafi. Kada a ce maka wayar kuloci ce ke son ɗauri. Zamewar kuloci daban take: injin ne zai riƙa hawa a hankali gudu bai ƙaru ba, kuma ta fi bayyana a giya ta huɗu da ta biyar. In kuwa ka dace da mai lafiya, kiyaye ta abu ne mai sauƙi. Ka ɗan ɗora yatsun ƙafarka a ƙarƙashin sandar giya kafin ka kama kuloci, ka kama shi har ƙarshe, ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya, kada ka janye ƙafar sai ka fara sakin kulocin. Ƙarar "kwas" da yake yi in an sa ta ɗaya daga firi kuwa halinsa ne, ba ciwo ba ne.

Kulocin na waya ne, kuma yana da ɗan tauri, hannun hagu zai gaya maka in ka daɗe a gosulo. A bar masa wasa na milimita 10 zuwa 15 a bakin hannun. In aka ɗaure shi tamau faifan za su riƙa zamewa su ƙone, in ya yi sako-sako kuma ba zai saki sosai ba, giya ta riƙa shiga da ƙyar, abin da ke komawa kan giya ta biyun nan. Wayar takan tsinke ne a kusa da hannu, inda kanta ke juyawa a cikin rami. Ɗigon giris a wurin yana ƙara mata kwana, kuma mai hankali yakan ajiye sabuwa guda a gida.

Abu na biyu da ke kashe wannan babur a hannun wanda bai san shi ba shi ne baƙin mai. Ba a auna shi yadda ake auna na ƙananan babura. Suzuki ta gina shi ne yadda famfo ke kwashe man daga ƙarƙashin kuransha ya tara shi a ɓangaren giya. In babur ya kwana a ajiye, man yakan gangara ya koma inda sandar awo ba ta kai. Ka zo da safe ka zaro sandar, ka ga kamar babu mai, hankalinka ya tashi, ka ƙara lita guda. To ka cika shi fiye da ƙima. Rarar man za ta bi bututun numfashin injin ta hau akwatin iska, ta jiƙa matatar iska, ta riƙa ɗiga a gefen injin, wani lokaci har hayaƙi ya fito ta salansa. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa injinsu na yoyo, wannan ce kawai matsalarsu. Ƙa'idar awon ita ce a tayar da injin ya yi minti 15 a sulo, a kashe, a jira minti uku, wani ya riƙe babur ɗin a tsaye cak ba a jingine kan sitan ba, sannan a auna. Duk awon da aka yi ba ta wannan hanya ba ƙarya yake faɗa maka.

Wajen juye kuma noti biyu ne a ƙarƙashin injin, kuma dole a kwance duka biyun. Bakaniken da ya kwance ɗaya zai zubar da wani kaso na tsohon man ne kawai, ya zuba sabo cikakken awo a kan ragowar, a sake komawa gidan jiya. Yana cin lita 3.4 in ba a sauya matatar mai ba, lita 3.6 in an sauya. Kada a juye shi duka lokaci guda. A zuba lita uku, a rufe, a tayar na 'yan mintuna don famfo ya rarraba shi, a kashe, a ƙarasa sauran. Lambar man 10W-40, kuma a ƙasa mai zafi 20W-50 ma ya halatta, amma sharaɗin da ba a sassautawa shi ne a ga JASO MA a jikin galan. Kulocin a cikin man injin yake wanka, kuma man mota na zamani yana ɗauke da sinadarin ƙara santsi da zai sa shi zamewa. Littafin kamfani ya ce a yi juye duk kilomita 6,000. Ga wanda yawancin hawansa a cikin gari ne, cikin zafi da ƙura, 4,000 ya fi kwanciyar hankali.

Matatar iska biyu ce, ɗaya a kowane gefen injin. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke cika sararin sama, a buɗe su duk wata a kakkaɓe, kada a wanke su da fetur. Fulogi huɗu ne, biyu suna a fili, biyu sun shige ciki sai an cire wasu abubuwa kafin a kai gare su, shi ya sa ake samun baburan da aka sauya wa biyu aka bar biyu tun na kamfani. Ana duba tazarar bawul duk kilomita 24,000, kuma gyaranta da ƙananan faifan ƙarfe ake yi, sai an ɗaga kamsha, saboda haka aiki ne na wanda ya san injin mai irin wannan gini kuma yana da littafin gyaran a hannu.

Game da zafi, babur ɗin yana da lagireto da fanka, kuma in suna da lafiya yana jure rana. Mai hawa ne zai sha wuya a gosulo, domin salansa biyun duk a dama suke, silindar baya kuma tana daf da cinya. Dogon wando mai kauri da takalmi rufaffe dole ne. Ruwan lagireto a haɗa rabi sinadari rabi tataccen ruwa, a sauya duk shekara biyu. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireton. Akwai kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a garejojinmu, ta cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, da haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi. Kada ka yarda a yi wa wannan babur haka. Kwamfutar injin tana auna man da za ta ba shi ne da zafin ruwan, in ruwan bai kai zafin aiki ba za ta yi ta zuba mai fiye da buƙata, fulogi su yi baƙi, fetur ya tsinka man injin.

Tankinsa lita 19.5 ne, kuma a tafiya ta hankali yakan yi kilomita 14 zuwa 16 a lita. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, ka ga tanki guda zai kai ka, amma duk da haka gara ka ƙara a Zariya. An gina injin ne don fetur mai daraja ta sama, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa. Abin da za ka iya yi shi ne ka zaɓi gidan mai da ka yarda da shi, ka guji na 'yan bumburutu wanda ba ka san me aka gauraya a ciki ba, kuma kada ka danne injin a babbar giya da ƙaramin gudu. In ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka buɗe totur, sauko giya ɗaya nan take. Famfon mai a cikin tankin yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, don haka yawo da ɗigon mai a gindin tanki yana rage masa rai. Baburan da suka daɗe a ajiye kafin a yi jigilarsu sukan zo da tsatsa a tanki. Haska tocila a ciki kafin ka saya.

Tayar baya ita ce adon babur ɗin, 240/40R18, ta gaba kuma 130/70R18. Daga baya in ka hango shi babu abin da ke kama ido kamar ta. Amma adon yana da farashi. Faffaɗar taya ba ta son kwanciya, sai ka tura sitiyari da niyya ta ɓangaren da za ka juya, kuma ka ci gaba da riƙe turin har ka fita daga kwanar. A titin da ya karkata ko wanda manyan motoci suka yi wa kwari takan bi karkatar, ka ji babur yana jan ka gefe. Iska tana da tasiri ƙwarai a nan: 36 a gaba, 42 a baya a ma'aunin psi, a auna da safe kafin tayar ta yi zafi. In ta baya ta ragu da biyar ko shida za ka rantse wani abu ya karye a sitiyarin. Tsayin gefen tayar milimita 96 ne kacal, rami mai kaifin baki a guje zai iya lanƙwasa rim ɗin alminiyam, shi kuwa rim ɗin ba a kowace kasuwa ake samunsa ba. Tayar ma haka, sai an yi oda, kuma ba ta daɗewa in hannunka na da nauyi a totur. Kada mai faci ya sa mata ƙarfen ɓanɓara, a kai inda ke da injin cire taya, a kula da faifan birki. Wasu sukan sa tayar mota don ta fi araha da daɗewa. Ba mu goyi bayan haka ba ko kaɗan, domin tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, ba a yi ta don kwanciya a kwana ba, bakinta ma ba daidai yake zama a rim ɗin babur ba.

Birkin gaba yana da kyau sosai, faifai biyu masu faɗin milimita 310, da maƙallai irin na baburan tsere na Suzuki, ga shokozoba ta gaba mai kauri milimita 46. Sai dai babu ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, babu wata na'urar hana taya zamewa. A kwalta mai yashi ko bayan ruwan farko na damina, hannunka ne kaɗai tsakaninka da ƙasa. Tazarar cikinsa da ƙasa milimita 130 ce, saboda haka tudun rage gudu irin wanda mutanen unguwa ke ginawa da kansu sai a hau shi a karkace, a hankali. A kwana ma matakan ƙafa sukan taɓa kwalta da wuri. Hanyar da ba kwalta, musamman mai rairayi, ba wurinsa ba ce sam.

Yawancin faɗuwar da ake yi da shi ba a guje ake yin ta ba, a tsaye ne ko a tafiyar ƙafa. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: an karya sitiyari sannan an damƙi birkin gaba. Nauyin sai ya zubo ta gefen da aka juya, kuma in kilo 347 ya wuce wani mizani babu ƙafar da za ta tare shi. A juyawa cikin ƙaramin fili a bar birkin gaba, a taka na baya kaɗan-kaɗan, a riƙe kuloci rabi, a ɗan ɗaga totur, ido yana kallon inda za a je. Kujerarsa ƙasa take, milimita 705, ƙafa biyu na kai wa ƙasa ga kusan kowa, wannan yana taimakawa. Wajen ajiyewa ka tuna ba shi da ribas. In wurin gangare ne ka shiga da baya, yadda in za ka fita injin ne zai hau da kai, ka bar shi a giya ta ɗaya, in ƙasa ce mai laushi ka sa falankin katako a ƙarƙashin sitan. In ya faɗi, kashe injin, sa shi a giya, ka juya masa baya, ka tsuguna ka jingina ƙugunka da kujera, hannu ɗaya a sitiyarin da ke ƙasa, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu taki-taki. In ta dama ya faɗi ka fara buɗe sitan, kada ka ɗaga shi ya wuce ya kife ta hagu.

Zamansa na miƙe ƙafa gaba da miƙe hannu ne. Dogon mutum zai ji daɗi, gajere zai riƙa miƙa, sai an sa abin da ke matso da sitiyari baya. Da ka wuce kilomita 120 a awa iska za ta cika maka ƙirji, ba gilashin kariya. Mazaunin fasinja ƙarami ne, kuma da irin fizgar wannan inji bai kamata a goya kowa ba sai an sa majingina. Hular kwano mai rufe haɓa ita ta dace da shi, da lasisin tuƙin babur ajin A da cikakkun takardun kwastan.

Yawancin waɗanda ke shigowa daga Amurka suke, da yawansu kuma daga gwanjon kamfanonin inshora, wato galibi sun taɓa haɗari. Agogonsu mil yake ƙirgawa, ka ninka da 1.6 ka samu kilomita. Alama ta goma a lambar jikinsa, wadda ke wuyan babur ɗin, ita ke nuna shekara: 6 na nufin 2006, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har gaba. Duba wuraren da sitiyari ke tsayawa in an karya shi har ƙarshe, in sun fashe ko an yi musu walda ya taɓa cin karo da gaba. Duba ƙafafun shokozoba ko suna jiƙe da mai. Lambobi huɗu na ƙarshe na lambar DOT da ke gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, wadda ta haura shekara biyar ko shida a sauya ta ko da zanenta bai cinye ba. In fitilar FI, wadda ke gargaɗin matsala a tsarin injekta, tana kunne a sa bakanike ya fito da lambar matsalar. C46 yawanci na nufin an sauya salansa an cire bawul ɗin da ke cikinta, wannan da sauƙi. C28 kuma na ƙaramin injin lantarki da ke juya bawul na biyu a maƙogwaron iska ne, ya fi wancan tsada.

Ga wanda bai taɓa riƙe babban babur ba, shekara guda a kan mai cc 650 zuwa 800, irin su Boulevard M50 ko Honda Shadow 750, ita ce hanyar da ta dace kafin wannan. Wanda kuma ya riga ya ƙware, ya samu wanda giyarsa ta biyu ke lafiya, to tun kafin babur ɗin ya iso ya yi odar matatar mai uku, matatar iska biyu, fulogi huɗu, wayar kuloci, fad ɗin birki na gaba da na baya da tayar baya guda, ya kuma buga littafin gyaran VZR1800 ya kai wa bakanikensa, ya buɗe masa shafin juyen mai su karanta tare.